Kwalbar da Na Sa a Firiza

Juma'a, 7 ga Maris

Yau aka yanke baƙin tabon da ke dunduniyar maman yara. Shekara biyu tana cewa ƙaya ta taka, ni ina cewa kanta ce kawai, fata ta yi tauri. Likitan fata ya ce bai yarda da yadda gefensa ke bazuwa ba, sai an duba naman. Ya jefa shi a 'yar kwalba mai ruwan magani, ya ce in kai ɗakin gwaji a saman bene. Kafin in samo mata abin hawa in dawo, sun rufe. Sai Litinin.

Shekara ashirin da shida ina fawa, ban taɓa barin nama ya kwana uku a zafi ba. Na biya ta shago na naɗe kwalbar da leda, na cusa ta can ƙasan firiza. Har yaba wa kaina na yi.

Litinin, 10 ga Maris

Na kai kwalbar da sauran ƙanƙara a ciki. Mai karɓa ta juya ta, ta kalle ni, ta kira likitar gwajin, wata 'yar firit mai tabarau.

"Malam, wa ya ce ka daskarar da shi?"

Na ce ai nama ne, Likita.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce ruwan nan shi ke tsare naman, ƙanƙara kuwa farfasa shi take daga ciki. Za su gwada.

A gida na ce an karɓa lafiya.

Alhamis, 13 ga Maris

Shiru. Na yanke yatsa a wurin aiki, abin da na manta rabona da shi.

Talata, 18 ga Maris

Na dame su da sintiri har mai yanka musu nama, Dogo suke ce masa, ya ji sana'ata ya yi dariya, ya ce in shigo in ga fawar su.

Ikon Allah. Naman a cikin kaki suke binne shi, ya zama ɗan dunƙule kamar sabulu. Ya ɗaura a inji, yana juya hannu, yanka na fitowa jere da juna, sun fi bawon albasa sirantaka nesa ba kusa ba. Sai da na riƙe numfashi don kada in hure su. Ya shimfiɗa su kan ruwan ɗumi, ya kwaso da gilashi, ya rina. Ni da nake cika baki duk layinmu ba mai hannuna. Na tambaye shi yanka nawa ke fita daga ɗan naman nan, ya ce sai dai in gaji da ƙirga.

Laraba, 19 ga Maris

Likitar ta zaunar da ni gaban madubinsu mai ƙara girman abu. Ta fara sa mini lafiyayyar fata, wadda suke koyar da ɗalibai da ita. Na rufe ido ɗaya na leƙa, sai tsigar jikina ta tashi. Hawa-hawa ne, ja-ja da shuɗi-shuɗi, kowane ɗigo a layinsa, ga hanyar gumi, ga jijiyar jini. Fatar da nake feɗewa kullum in jefar gefe, ashe haka aka tsara ta. Ban san lokacin da na fara tasbihi ba.

Sannan ta sa ta maman yara. Ɗigon sun yi cincirindo, manya da ƙanana, ba layi. Ta ce ciwon daji ne, irin wanda ke tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launi, wannan kam ta gani sarai. Amma gefen, inda suka shafa tawada don su gane iyakar wuƙa, duk ramuka ne farare.

"Aikin ƙanƙara ke nan. Ba zan iya cewa an cire shi duka ba, ko zurfinsa nawa."

Za a sake yanka, da faɗi, a ɗebo fata daga cinya a rufe. Na ce da ban daskarar ba fa? Ta ce wataƙila da an ƙara, amma ba lallai ya kai haka ba.

Asabar, 22 ga Maris

Maman yara ta yi kuka, sannan ta koma masifa. Wai likitan fata bai iya aikinsa ba, da ni aka ba wuƙar da sau ɗaya ya isa. Ina zaune ina ji. Na ɓoye zancen firiza, kuma na ji kunyar kaina.

Litinin, 31 ga Maris

An yi aikin. Nas ce ta hau da sabuwar kwalbar, ina biye da ita har ƙofa, hannuwana a baya.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Sakamako ya fito. An sami ragowar ciwon a gefe ɗaya, amma tsakaninsa da tawadar akwai lafiyayyen nama ta ko'ina. Likitar ta nuna mini tazarar, a ido ba ta kai faɗin farce ba, a madubi kuwa fili guda. Duk wata uku za a riƙa duba maman yara. Dunduniyar ba za ta koma yadda take ba.

Da la'asar ina wanke mata ciwon. Takardar da nas ta rubuta sau biyu na karanta kafin in taɓa, ba don ban iya ba. Ina cikin naɗe bandeji na faɗa mata zancen firiza, kaina a sunkuye.



"Baban yara, sati uku ina zagin bawan Allahn nan kana ji. Gobe ka kai ni in ba shi haƙuri, kai za ka yi bayani da bakinka."

Na ce to.

Ba ta ce ta yafe ba. Ƙafar dai ba ta janye ba, har na gama ɗaurewa.