Fulogin Barkono

Shisha, Makka

Yaya Ɗaso,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau da kyau. Ya jiki, ya ƙafar nan taki, ya su Arwa da yara, ya mutanen Kano? Mu nan lafiya lau sai zafi. Ki yi haƙuri da rubutun, a waya nake dannawa da yatsa ɗaya, yadda ya zo bakina haka nake sa shi.

Abin daɗi zan gaya miki. Kin tuna Barkono? Jar motar nan ta Baban Manal, Allah ya ji ƙansa, mai kujera biyu ba rufi, wadda da kika zo umara kika ce ko akuya ba za ta ɗauka ba. Cikin matattun motoci ya tsinto ta, 'yar Ingila, ta girmi aurenmu. Shekara da shekaru yana tashinta a garejinsa na Kudai, ko noti bai yarda ya ɗaura mata ba sai irin na zamaninta.

To autana Hisham, mai aiki a Jidda, zai kai ta gasar tsofaffin motoci. Wai alƙalai har buɗe inji suke su leƙa ko komai na asali ne, har fulogi, nan bawaji suke ce masa. Abin kamar ɗan yatsa fa, amma shi ke ba da wuta. Baban Manal ya samo takwas na asali a wani tsohon shago da ake rufewa, motar huɗu take ci. Bai taɓa yawo da su ba. In zai kai ni shan iska hanyar Ɗa'if ran Juma'a sababbin kasuwa yake sawa, wai na da ɗin sun fi son kallo da aiki. Na asalin a gwangwanin alewa suke, naɗe cikin takarda mai maiƙo, a ƙasan kayana.

Hisham ya zo ya sumbaci kaina, na ƙirga masa huɗu a hannu. Ya yi mini alkawari za a rubuta sunan ubansa a allon da ake kafawa gaban motar, har da hoto. Kin san ni sunan nan bai taɓa fita bakina ba tun da aka kawo ni gidansa, to ga shi duk Jidda za ta karanta. Sai da na yi ƙwalla.

Ki sa shi a addu'a. A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Hajara

Shisha, Makka

Yaya Ɗaso,

Salamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ya ƙafa, an samu maganin? Na ga gaisuwarki, na gode. Na daɗe ban amsa ba saboda ban san ta inda zan fara ba.

Barkono ta ci gasa, ita ta zo ta ɗaya. Manal ce ta kawo mini bidiyon a wayarta, sai na ga tana ta jan ƙafa, wai in bari sai na ci abinci. Na fizge. Ga motar tana sheƙi, ga Hisham cikin farar riga kamar ɗan wani. Na duba allo na ce Manal ta karanta mini. An rubuta shekarar motar, an rubuta asali ɗari bisa ɗari. Ba suna, ba hoto.

Na ce ƙila mantuwa ce. Sai mai ɗaukar bidiyon ya tambaye shi wa ya gyara ta haka. Yaya, Larabcina na kasuwa ne amma wannan na ji shi tas. Ya yi murmushi ya ce wani Takaruni ne, haka suke ce mana mu baƙar fata a nan, da ya yi musu aiki da daɗewa, mai hannu ƙwarai, Allah ya ji ƙansa. Ya yi musu aiki! Mutumin da ya goya shi a kafaɗa ya yi ɗawafi da shi.

A gefensa akwai wani dattijo yana gyaɗa kai. Manal ta ce uban Lujain ne, yarinyar da Hisham yake nema. Ashe su ba su san ɗan waye ba. Ya ɗebo hasken fatar dangin kakarsa na wajen uba, Hausa kuma dama tun yana makaranta in na yi masa a titi da Larabci yake amsawa. Ni na ɗauka yarinta ce.

Komai na motar nan asali ne, har abin da ba a gani sai an buɗe inji. Mai tsaye a gabanta ne kawai aka sake wa fenti.

Hisham ya bugo yana murna, na ce mabaruk na kashe. Kar ki gaya wa dangi, don Allah. Ki gaida Arwa.

Taki,
Hajara

Shisha, Makka

Yaya Ɗaso,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙarfin jiki? Na ji nasiharki, kin ce in riƙe bakina, bakin uwa wuta ne. Na riƙe. Ga abin da ya biyo baya.

Fulogi ɗaya ya tsage wajen farin tangaran da ke jikinsa, wai wurin ɗaurewa aka matsa shi da yawa. Ga babbar gasa a Riyad ta matso, Hisham ya nema ko'ina babu irinsu. Sai ga shi da kwalin dabino, ya zauna a ƙasa yana Ummi Ummi. Na bar shi ya gama. Na ce ni matar ma'aikacinsu ce, abin da mijina ya bari nawa ne, in yana so ya je ya roƙi uwarsa. Ya sunkuyar da kai. Wai kunya ya ji a gaban mutanen, wai in bari a ɗaura aure tukuna zai gyara komai a hankali.

Wai kunya! Ni ma kunya ce ta hana ni kiran sunan ubansa, amma tawa don ya fi ƙarfin bakina ne. Shi tasa fa? Na ce abu ɗaya nake so, ya sa sunan a allo, in an tambaya ya ce babana ne. Ranar zan ba shi huɗun da hannuna. Ya tashi ya tafi.

Ran Juma'a na tafi Harami. Na dawo na tarar an birkita mini kaya, zannuwana a ƙasa, gwangwanin babu. Shi kaɗai ke da makullin gidan bayan Manal, ita kuwa tare muka fita. Ban yi kuka ba, na tattara zannuwana na mayar. Abin da bai sani ba, tun ranar da ya zo jikina ya ba ni, na kwashe fulogin daga gwangwanin na ɗinke cikin matashina. Maɓallai da zare ya ɗauka ya tafi da su Jidda. Har yau bai kira ba, ni ma ban kira ba.

Ban ce masa komai mummuna ba, Yaya, ko a zuciya ina dannewa. Amma addu'ar alheri ma ta ƙi fitowa, ki riƙa yi masa a madadina kafin bakina ya sake. Ƙarfen yana ɗan taɓa mini kunne in na kwanta, na saba.

Tunda wanda ya kamata ya faɗa ya ƙi, bari ni in rubuta. Allah ya yafe mini rashin kunyar.

Ƙanwarki Hajara,
matar Yunusa Tsoho makanike, wanda ya tashi Barkono, uban Hisham