Ku Mayar da Baba Jatau Bayan Azahar

Zuwa ga Shugaba da Membobin Kwamitin Shirya Bikin Kaɗe-kaɗe na Bakin Ruwa, Yauri.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Shugaba, bayan gaisuwa da girmamawa gare ka da abokan aikinka, ina yi maku sannu da ɗawainiya. Ni mai shagon cajin waya ne da tura waƙoƙi a bakin ruwan Warra. Ban so fitowa fili ba, wallahi. Na zo ofishinku aka ce kun tafi Birnin Kebbi, na bar saƙo wajen mai gadi, na kira lambar da ke jikin fostarku har kunnena ya yi zafi, ba wanda ya ɗauka. Biki kuwa sai matsowa yake, ni kuma na kasa zama wuri ɗaya. Shi ya sa na rubuto inda kowa zai gani, ko wani zai kai maku.

Tun ranar da aka manna fostar a rumfar mai shayi, ba a sake wata hira a Warra ba. Rabin majalisa sun ce mawaƙin Kano mai waƙoƙin soyayya shi ya dace ya rufe taro, kamar yadda kuka tsara. Sauran sun ce haba, yaron Kaduna mai gambarar zamani ya fi shi jan matasa, don me aka yi hotonsa ƙarami? Har da yatsa an auna hotunan. Wani direban jirgi ya rantse duk wanda ya ƙara zagin na Kano to ya nemi jirgin da zai ɗauke shi. Ni ma ina ciki tsundum, kuma ba na ɓoyewa, ni mutumin na Kano ne, waƙarsa ce ƙarar kiran wayata. Na faɗi haka ne don kada a ce wani tsohon yayi ne ya zo ɓata wa matasa shagali.

To amma duk gardamar nan a saman fosta ake yin ta. Ni da na kai idona can ƙasa, inda rubutu ya ƙanƙance, sai na ci karo da wani layi. Kun sa Baba Jatau mai molo ya buɗe taro da hantsi, kamar bara. A kan wannan layin nake magana.

Na ɗaya. Wataƙila a wajenku Baba Jatau tsohon makaɗi ne da ake sawa ya ɗuma wuri kafin manyan baƙi su iso. A wajen mutanen tsallaken kogi ba haka yake ba. Waƙa guda gare shi da ake zuwa dominta, wadda ya gada wajen mahaifinsa. A cikinta yake kiran sunayen gunguna, wato tsibirai, da tungayen da ruwa ya cinye lokacin da aka tare kogi a Kainji, ɗaya bayan ɗaya. In ya kira sunan gari sai ya yi shiru, molo kaɗai ke tafiya. Duk wanda aka binne cibiyarsa a garin sai ya miƙe tsaye ya ce, "Muna nan!" Daga nan Baba ya wuce gaba. In kuwa ya kira, ya jira, ba wanda ya miƙe, sai ya ce Allah ya jiƙan gari, 'yan amshi su ce amin. Shi ke nan, sunan ya fita daga waƙar, ba ya sake kiran shi har abada. Haka mahaifinsa ya yi, haka shi ma yake yi.

Innata 'yar Gungun Maɗaci ce. Tana yarinya aka kwashe su aka kai su tsallake, inda take zaune har yau. Da can in Baba ya kira garinsu, mutane da yawa ke miƙewa, har ana guɗa. A hankali suka yi ta raguwa. Iyakar saninmu, yanzu ita kaɗai ta rage mai ƙafar zuwa.

Na biyu, abin da ya faru bara. Ranka ya daɗe, jirgin da ke ɗauko mutanen tsallake ba ya tashi sai ya zagaya tungaye ya kwashi jama'a, kuma duk saurinsa ba ya isa Yauri sai gab da azahar. Bara Inna ta tashi tun asuba, ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na biki, muka shiga jirgi. Tare da mu akwai Malam Garba, tsohon masunci, wanda shi ma shi kaɗai ya rage daga Gungun Ƙirya. Duk hanya yana tsokanar Inna, wai bana sai muryarsa ta fi tata tashi. Ita kuma tana ce masa ya bari ya ga ko gwiwarsa za ta yarda ya miƙe tukuna.

Muna sauka muka ji lasifika na ta jawabai. Na ruga na tambayi wani ɗan amshin Baba Jatau, ya ce ai sun gama tuntuni, kujeru suka yi wa waƙa, sai masu ɗaura rumfa da 'yan tallar gyaɗa. Na ce Gungun Ƙirya fa? Ya sunkuyar da kai. Ya ce an kira, an jira, an yi masa addu'a. Malam Garba yana tsaye a bayana da sandarsa, ya ji komai. Mutum da ransa, yana kan ruwa yana tahowa, aka yi wa garinsa Allah ya jiƙa! Ya koma bakin ruwa ya zauna cikin jirgi har la'asar, ko ruwa bai sha ba. Da damina Allah ya yi masa rasuwa. Ban ce ku kuka kashe shi ba, kwana ne ya ƙare, amma da wannan baƙin cikin ya tafi, kuma raina na ɓaci duk lokacin da na tuna.

Garin Inna kuwa kun san abin da ya cece shi? Motocin manyan baƙi ne. Baba bai kai ga Gungun Maɗaci ba aka ji jiniya, mai gabatarwa ya taso ya karɓe makirufo a tsakiyar waƙa. Wulakanci ne aka yi wa dattijo, amma da ba a yi shi ba, da yau ba ni da abin rubutawa.

Na uku, tsarin bana. Na ji labari wasu sun yi maku ƙorafi kan yanke shi da aka yi, kuka ji kunya, kuka ƙara masa lokaci don ya kai ƙarshen waƙarsa. Na gode, niyya ce mai kyau. Sai dai ku duba abin da hakan zai haifar. Kun bar shi da hantsi, sannan kun tabbatar zai kira kowane suna. Ke nan bana zai kai Gungun Maɗaci, zai yi shiru ya jira, Inna kuwa tana tsakiyar ruwa. Tun da na gane haka ban ƙara samun natsuwa ba. Ina tura wa mutum waƙa in tura masa wata dabam. Jiya wani ya kawo waya caji, na ba shi ta wani ya tafi da ita, sai da aka bi shi har tasha.

Na huɗu. Na san abin da za a ce mani, domin majalisa ta riga ta faɗa. Wai in kawo ta tun jajibiri ta kwana a Yauri. Ranka ya daɗe, mahaifina ya daɗe kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya karɓar abinci a hannun kowa sai nata, ita ke juya shi. Tun da ya kwanta ba ta taɓa kwana wani wuri ba, kuma na yi maganar ta ce in daina. Wai in ɗauki shatar jirgi mu kaɗai mu yi sammako. Mai cajin waya ne ni, ba ni da wannan ƙarfin, na nema kuma ban samu ba. Wai ni in miƙe in amsa a madadinta. Ai ba a can aka haife ni ba, ruwa na tarar, kuma Baba Jatau ya san ni tun ina goye.

Na je har gidansa na durƙusa. Na ce Baba, don Allah don Annabi, in ka zo kan garin Inna ka tsallake, ko ka kira kada ka yi addu'ar, tunda ka san tana raye. Ya ce shi ma maganar Malam Garba ta hana shi sakat, amma waƙar ba tasa ba ce, amana ce aka bar masa. Ranar da ya fara zaɓen wanda zai jira da wanda ba zai jira ba, in ji shi, ranar ta zama waƙar biki kawai. Ya ce shi ba ya karatun fosta, lokacin da aka ce ya hau dandamali shi ne zai hau, in je in gaya wa masu biki. Na fito ina jin haushinsa, amma kafin in kai bakin hanya na san ba shi ne zai iya gyarawa ba. Ku ne.

Na biyar. Mutanen tsallake ɗan lokaci kaɗan gare su a bikin nan, daga azahar zuwa bayan la'asar, domin dole jirgi ya juya da sauran rana. Hukuma ta hana tafiyar dare a kan ruwa, kuma ta yi daidai, mun binne mutane da yawa a dalilin tafiyar dare. To me kuka zuba a wannan tsakanin? Jawabin maraba, jawabin babban baƙo, jawabin wakilin wanda bai samu zuwa ba, sai rabon kyaututtuka. Mawaƙin Kano da na Kaduna duk bayan isha'i ne, lokacin mutanenmu sun daɗe da komawa gida. Wato tsoho ya biya kuɗin jirgi, ya sha rana, ya rasa na farko, ya rasa na ƙarshe, ya koma da jawabi. Haba jama'a! Da na faɗi haka a rumfar mai shayi, masu faɗa kan girman hoto suka dawo kan maganata. Har wani riƙaƙƙen ɗan gambara ya ce shi fa bai taɓa sanin abin da tsoffin ke miƙewa suna faɗi ba ke nan, ya ɗauka kirari ne. Yanzu gardama ta koma kan wane jawabi ya kamata a cire, kuma a nan ma ba su daidaita ba.

Ga roƙona, ranka ya daɗe, kuma ba shi da tsada.

Ku mayar da Baba Jatau bayan sallar azahar, lokacin da jiragen tsallake suka sauke mutane. Ku kai jawabi ɗaya ko biyu hantsi, masu jawabi da mota suke zuwa. Ban ce ku taɓa na Kano ba, ban ce ku ƙara wa na Kaduna hoto ba, su rufe taronsu yadda kuka so, ni ma da zan samu hali da ina gaba-gaba.

In kun sauya, ku sanar da wuri ta rediyo da bakin direbobin jirgi, don tsallake ba a ganin fosta. Kuma ku ja kunnen mai gabatarwa, ko wa ya iso, ya jira dattijo ya sauke molonsa.

In kuma kun ga ba zai yiwu ba, ku gaya mani a fili, kada ku bar ni ina duba waya kamar mai jiran sakamakon asibiti. Ina so in san abin da zan shirya wa, domin Inna ta riga ta yanke nata hukuncin. Da na je tsallake na karanta mata fostar, ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba. Sai ta aika aka kira mata direban jirgi, ta tambaye shi da hantsi ina jirgi yake kaiwa. Ya faɗa mata. Ta ce to ai nan ne, daidai nan garinsu yake a ƙarƙashin ruwa. Ta ce masa in sun kai wurin ya kashe inji, za ta miƙe cikin jirgin ta amsa daga can, ko Baba Jatau ya ji ko bai ji ba. Direban ya ce Inna, ba a tsayuwa cikin jirgi cike da mutane a tsakiyar ruwa, balle ke da ƙafarki ke rawa. Ta ce ba shawara ta kira shi ba. Na san Innata, za ta miƙe. Ni ne zan riƙe ta, kuma wallahi tsoro nake ji.

Allah ya ba ku ikon yin adalci, ya sa a yi biki lafiya a watse lafiya, ya kai kowane jirgi gaɓa. Allah ya jiƙan Malam Garba, ya ja kwanan iyayenmu da naku.

Wassalam.

Naku mai jiran amsa,
Ɗan Inna ta Gungun Maɗaci,
mai cajin waya a bakin ruwan Warra.