Asuba a Teburin Mai Shayi

Sabon Gari, Maraɗi

Zuwa ga Tahira mai jego,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da ɗiyarmu, da Inna da Baba. Yaya ruwan zafi? Tunda Inna ta ƙwace miki talho, ba damar in kira ki har ki gama wanka, zan riƙa ba Yaya Idirisa takarda in ya kawo zogale kasuwa. Gara haka ma, don abin da zan faɗa bakina ba zai iya ba.

Shekara biyu muna tare, kullum kina tada ni da asuba, ki miƙo mini buta, in fita. Tahira, ba masallaci nike zuwa ba. Teburin mai shayi nike zama har a sallame. Sauran sallolin kuwa, in jigilar fasinja a moto ta bar ni in yi, in ba ta bar ni ba shi ke nan.

Ranar da kika haihu, da aka miƙo mini jaririya in yi mata kiran salla a kunne, kunya ta kusa kashe ni. Ina kiranta zuwa inda ni ban zuwa. Na tuna ki da tsohon ciki, kina dafa bango ki tashi daga sujada, ko sau ɗaya ba ki ce kin gaji ba. Ina son abin nan da kike da shi, amma ban san ta inda ake kama shi ba. In kin yi fushi, kin yi daidai.

Naki,
Shamsu

*

Jiratawa

Maigida,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya lau, sai dai kunun kanwa ya ishe ni.

Na sani. Wane masallaci ne ake dawowa daga cikinsa da ɓarɓashin burodi a gemu? Na yi kuka a farko, ba zan ɓoye maka ba. Na yi niyyar kai ƙara wurin Baba, sai na ga in an kunyata ka, don tsoron mutane za ka yi salla, ni kuwa ba ita nike roƙa maka ba. Sai na ci gaba da miƙa buta.

Yanzu ni ce ban salla sai na yi tsarki, kuma kewarta ta dame ni. In ladan ya kira sai in ji kamar an tafi an bar ni. Ka riƙe mana ita kafin in dawo. Ka gaida mai shayi.

Matarka,
Tahira

*

Sabon Gari

Tahira,

Gaisuwa mai yawa. Wato duk dabarata kallona kawai kike! Na karanta takardarki sau uku, ban san dariya zan yi ko kuka ba.

Na fara da ƙarfi: farilla, nafila, lazimi, har azumin Litinin. Kwana huɗu na yi na zube. Ran na biyar sai hantsi ya tada ni, haushi ya sa ko azahar ban yi ba. Anya irina na gyaruwa? Ke yaya kike yi ba ki fashi?

Shamsu

*

Jiratawa

Maigida,

Barka da ƙoƙari. Wa ya aike ka da azumi kana yini bisa moto? Ajiye komai, kama biyar ɗin.

Ni a gonar Baba na koya. Nan kowa da lokacin da ake sako masa ruwa. In lokacinka ya yi ba ka nan, ruwa ya wuce gonar gaba. Baba bai taɓa cewa bari in gama kaza ba, yar da abin hannunsa yake ya tafi. Haka nike yi da kiran salla, ko albasa nike yanka. In kuma ta kuɓuce maka, ka rama ka wuce, kada ka zauna zaman makoki.

Saura kwana goma sha tara. Ga roƙona: sallata ta farko a ɗakinmu, kai za ka ja ni. Ban taɓa tsayawa bayanka ba. In ba ka shirya ba ka faɗa mini gaskiya, zan jira. Amma kada ka yi mini ta ganin ido.

Tahira

*

Sabon Gari

Tahira,

Ina gaisuwa. Na yi shiru ne don ban so in rubuto alkawari.

Yau kwana goma sha shida ban sha salla ko ɗaya ba. Jiya na ɗauko wani dattijo zuwa Tibiri, la'asar ta kama mu a hanya, na sauka daga gudron, na tsaya gefen titi, na ce ya yi haƙuri in yi salla. Ya yi ta mita, daga baya ya karɓi butar.

Jibi ina tafe ɗaukarku. Zan ja ki. Sai dai ki sani, bayan Fatiha, surar da na amince da bakina a kanta ɗaya ce, Ƙulhuwallahu. Ita za ki ji a raka'ar farko, ita a ta biyu. Sauran sai kin koya mini.

Mijinki,
Shamsu