Wasiƙar Kofur Zuberu

Camberwell, London
3 ga Maris, 2025

Zuwa ga Baba Obadiah,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Garkida baki ɗaya. Ba ka san ni ba. Ni ne Faruk, ɗan marigayi Kofur Zuberu Biu da Katumi. Ƙungiyar tsofaffin sojoji ce ta ba mu adireshinka, suka ce kunne ya yi nauyi, waya ba za ta yi ba, sai takarda. Ka yi haƙuri da rubutuna. A aji biyar na firamare muka rabu da boko, kuma shi ya fi ni murna. Yanzu gadon marasa lafiya nake turawa a wani babban asibiti a nan. Mutanen gida Dokta suke ce mini, ni kuwa ban hana su ba.

'Yata Zarah ce ta jawo maganar. Tana jami'a can unguwar Aldwych a nan London, tana rubuta tarihin bataliyoyin sojan ƙasa da aka ɗebo mutanensu daga tsohuwar Jihar Arewa maso Gabas lokacin yaƙin basasa: wacce ta tashi daga ina, wacce aka haɗe da wacce. Na cika gida da taƙama cewa kakanta na ciki, har na ɗauko mata abu ɗaya da na gada, wasiƙar da ya aiko wa Inna da aka haife ni. A ciki ya ce ya ji ta sauka lafiya, a sa wa yaro Faruk, in kuma yaron ya ɗauko kunnuwansa to ya yafe masa. Na ɗauko su, Baba, duka biyun.

Wasiƙar ta Fabrairun 1968 ce. Zarah ta dube ta, ta dubi jerin sunayen da aka aiko mata daga Kaduna, ta tattara takardun za ta ajiye. Da na matsa mata sai ta gaya mini da Turanci, don ita Hausa ji take yi ba ta mayarwa, cewa sunan mahaifina na cikin waɗanda suka rasu wajen ƙetare kogin Kwara zuwa Onica a Oktoban 1967. Wata huɗu ke nan kafin a haife ni.

Na ce mata wataƙila lahira ma akwai gidan waya. Muka yi dariya, amma ranar sau biyu ina kai mara lafiya benen da ba nasa ba. Inna ta rasu, baffana ya rasu, ba wanda zan tambaya. An ce kamfaninku ɗaya da shi a soja, kuma kai ke rubuta wa mutanen kamfanin wasiƙu. Don Allah gaya mini, maganar ubana nake riƙe da ita shekara hamsin da bakwai, ko ta wani mai tausayi?

Na bar ka lafiya.
Ɗanka, Faruk

Garkida
29 ga Maris, 2025

Ɗana Faruk,

Ina gaishe ka cikin alherin Allah. Takardarka ta iso, na karanta ta sau uku.

Hannuna ne, kwanan watan ma ni na sa. Magana kuwa ta Zuberu ce.

Ga yadda muke yi. A kamfaninmu ni kaɗai na yi makarantar mishan. Duk ranar da aka ce gobe akwai tafiya, sai mutane su yi layi, kowa ya faɗi saƙonsa na gida, in rubuta, in bar wurin kwanan wata ba komai. Wanda ya dawo ya karɓi tasa ya yaga. Wanda bai dawo ba, ni ke aikawa.

Ana gobe za mu shiga jirgin ruwa a Asaba, da la'asar, Zuberu ya zauna kan akwatin harsashi ya ce shi tasa biyu ce, ɗaya in namiji aka haifa, ɗaya in mace. Na ce masa takarda ta yi ƙaranci. Ya ce to in ƙanƙanta rubutu, shi dai bai san abin da Katumi ta ɗora a wuta ba.

Washegari jirgin su Zuberu bai kai gaɓa ba. A kamfaninmu mu goma sha tara muka amsa suna, aka zuba mu cikin wata bataliya, daga nan ba a sake kiran lambar tamu ba. Ka ce wa 'yarka ta rubuta wannan.

Na sanar da baffanka. Ya aiko cewa Katumi ta yi ɓari sau biyu a baya, dattawa sun yanke ba za a gaya mata ba sai ta sauka ta yi arba'in. Da aka haife ka ya aiko mini saƙo, na sa kwanan wata, na tura ta namijin. Ta macen tana cikin Littafina Mai Tsarki har yau.

In na yi laifi, ka gafarce ni.
Obadiah

Camberwell
20 ga Afrilu, 2025

Baba,

Bayan gaisuwa da godiya. A saman bas na karanta takardarka, har wata tsohuwar Baturiya ta miƙo mini hankici. Na ce mata mura ce. Laifi babu, Allah ya saka maka.

Sai dai kada ka ji haushin ɗan naka. Na daɗe a asibiti, na ga yadda mutanen kirki ke yin ƙarya don su kwantar wa mutum hankali, ni ma na iya. Wanda ya rufa wa Inna magana wata biyar saboda tausayi, ai ba zai gaza rufa wa ɗanta ba. Zarah ta ce su masu rubuta tarihi, a wajensu shaida ɗaya ba ta isa. Na ce mata dattijo ne, ta kama bakinta. Amma ga shi ni ma ban kama nawa ba.

Akwai abin da zan riƙe bayan maganarka?

Faruk

Garkida
11 ga Mayu, 2025

Ɗana,

Ina gaisuwa. Ban ji haushi ba, ubanka ma haka yake da naci.

Juya wasiƙar Zuberu, dubi ƙasa ta hagu. Ba na ajiye wasiƙar kowa sai na karanta masa ya ji, ya dangwala yatsa, don kada wata rana a ce na ƙara ko na rage. Ranar tawada ta kusa ƙarewa, da baƙin man takalmi Zuberu ya dangwala, a kan duka biyun.

Ta macen ba zan ba gidan waya ba. Kawo yarinyar ta karɓa da hannunta, in ba ta sunayen mu goma sha taran nan tun ina iya tunawa.

Allah ya kiyaye hanya.
Obadiah

Camberwell
2 ga Yuni, 2025

Baba,

Ina gaisuwa. Na juya, na gani. Tun ina yaro nake ganin tabon nan, na ɗauka miyar Inna ce, har na taɓa sa farce zan kankare. Allah ya so ni raggo ne.

Na yi booking ɗin jirgi, ranar 9 ga Agusta za mu sauka Abuja ni da Zarah. Tana nan tana koyon gaisuwa, durƙuson ne har yanzu bai zauna ba, sai ka yi haƙuri.

Jiya bayan sallar asuba na ɗora babban yatsana a kan nasa. Nasa ya fi girma.

Sai mun iso.
Ɗanka, Faruk Zuberu