Abin da Ya Sa Ake Ce Masa Sai-Gobe

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko bayan dogon rani,

Malama, ina fata kina lafiya, ke da Inna.

Sau huɗu ina fara wasiƙar nan ina sokewa. Kin san halina. Shekara goma sha tara ina auna ruwan sama a tashar gindin dutse, kullum ƙarfe bakwai na safe, in rubuta abin da na gani. Har abin da ke zuciyata a littafi nake zubawa, in rufe.

Kin tuna ranar da kika kawo ɗalibanki su ga ma'aunin ruwa? Kika ɗaga kai, gajimare ya naɗa wa ƙololuwar dutsen farin rawani, kika tambaye ni me ya sa ake ce masa Sai-Gobe. Na ce zan bincika. Kika ce ni ko sunana aka tambaye ni sai na duba littafi. Wayyo, dariyar nan taki! Har yau ina jin ta kamar yayyafi a kan kwano.

Na bincika. Tsofaffi bakwai na tambaya, biyar bakinsu ɗaya. Wai wani makiyayi ne yake son wata a bayan dutsen. Kullum sai ya hau har rabi, ya zauna yana gyara maganar da zai faɗa mata, rana ta karkata, ya sauko yana cewa sai gobe. Ranar da ya kai ƙololuwa ya leƙa, gidansu ya zama kufai. Sun tashi tun bara.

Wata takwas ke nan da samun amsar, ban kawo miki ba. Yaya zan ba ki labarin mutumin da nake gani a madubi?

Jiya shugaban makarantarku ya ce an canza miki wurin aiki, Litinin za ki tafi. Na koma tasha na buɗe littafi, na sake rufewa. Wa zai ƙara yi mini tsiya a kan littafi? Me zan auna in sama ta zubo, ke ba kya nan?

Ina son ki, Malama. Ban san ko na cancance ki ba, kuma na daina jira in sani. Ki ba ni izini kawuna ya je wurin yayanki kafin Litinin. In kin ce a'a, zan ɗauka, ba zan daina yi miki addu'a ba.

Dubi gefen takardar nan. Daga littafina na yage ta. Ban taɓa yage masa shafi ba sai yau.

Naki, muddin dutsen nan yana tsaye,
Mai auna ruwa