Katin da Bai Kai Sabis Ɗakin Kaka Ba

Zuwa ga Yayana Lukman, a Fatakwal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Aisatu da jaririya. Allah ya ƙara wa mai jego ƙarfi, ya raya mana yarinya. Mu nan Gummi sai godiya. An fara yankan shinkafa a fadama, Baba kullum yana can, Inna kuma ƙafar ta yi sauƙi. Masu zuwa gaisuwar rasuwar Kaka Maiturare sun ragu, amma gidan bai koma daidai ba.

Yaya, ka tambaye ni a waya me ya hana mu kiran bidiyo ranar suna, na kasa ba ka amsa saboda kuka. Ka san sabis ba ya shiga cikin gidanmu sai a kan soro. Shi ya sa na ɗauko tsohuwar kwamfutarka na mai da ita rauta, wato na'urar raba sabis, na ɗaure modem a saman soro, na jawo waya zuwa zaure. Abin da ya rage kati ne na wayales da zai watsa sabis ɗin har ɗakin Kaka, tunda ta daina tashi. Malam Shadrach, wanda muke koyarwa tare, ya ce mini ba kowane kati ke watsawa ba, wani karɓa kawai ya iya. Na faɗa wa ƙaninmu Kamalu haka da zai je Gusau, amma mai shagon ya rantse masa cewa kati kati ne. Da na soka shi, kwamfuta ta gan shi, yana kama sabis ɗin maƙwabta, amma ya ƙi ba da nasa. Na canja manhaja har na gaji. Hanya kuma ba ta yi kyau ba a makon, Baba ya hana kowa komawa.

Ranar suna Kaka ta sa aka yi mata wanka, ta ɗaura sabon ɗankwali, ta ce ba za ta gana da takwararta da tsohon kaya ba. Na hau soro na sauko mata da hoto. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce hoto ba ya kuka, ita muryar take son ji. Na ce mata ta yi haƙuri zuwa wani mako, ta ce to. Sauran ka sani. Da na sani ƙeya ce, Yaya, kullum a baya take.

Yanzu Inna ce ta koma ɗakin, ita ma soro ya fi ƙarfinta. Don Allah ka nemo mini kati a can. Kada ka duba kyan kwali ko tsawon eriya. Ka tambayi sunan cif ɗin da ke ciki, wato ƙwaƙwalwar katin, ka tabbatar yana aiki da manhajar Linux, kuma yana iya watsa sabis ga wayoyi. Ramin kwamfutar irin gajeren nan ne na PCIe. In mai shago ya ce duk ɗaya ne, ka sa ya gwada a gabanka, ka ga wayarka ta kama kafin ka karɓa.

Ka gaishe da Aisatu da surukarka Hajiya Rakiya. Baba da Inna da Kamalu suna gaishe ku. Inna ta ce in ka samu katin kada ka jira mai zuwa gida, ka ba direba ya kawo.

Ƙanwarka,
Hidaya