Gaɓa Uku Muke Ɗagawa

Unguwar Romi, Litinin

Ɗana Sylvanus,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya garin Lafiya, yaya aiki? Ƙafata da sauƙi.

Gara ka ji daga bakina: an cire sunan 'yarka Hadassah daga gasar Faransanci ta ran Asabar, wadda ake ba na ɗaya karatu kyauta. Ni na jawo.

Tana bita a tsakar gida na ji ta raba kalmar vilebrequin gaɓa huɗu: bi-le-bre-kan. Karanshaf ke nan, ƙaton ƙarfen cikin injin mota. Shekara ashirin da biyu ina ɗaga shi a kamfanin haɗa motoci. Bafaranshen da ya koya mana uku yake faɗa: bil-bre-kan. Mutum biyu ke kamawa, a "kan" ake ɗagawa tare. Ran da wani sabon ma'aikaci ya ja ta huɗu, abokina Isiyaku ya ɗaga shi kaɗai. Yatsu biyu ya bari a wurin.

Na je makaranta na gaya wa Malam Wilson, malaminsu, a gaban yara. Ya nuna mini littafi, na nuna masa tafin hannuna. Muryata ta hau, na kira shi aku. Ya ce tunda akwai farfesa a gida, farfesa ya kai ta.

Shugabar makaranta ta ce Alhamis za a aika sunaye. Ba za a mayar da nata ba sai na tsaya gaban ajin na ce malam ne daidai. Yarinyar ta daina cin abinci da ni. Ni kuwa ban yi ƙarya ba, Sylvanus.

Babanka,
Samson

Romi, Alhamis

Ɗana,

Ina gaishe ka, ina gaida abokan aikinka.

Na je. Na cire hula gaban yara arba'in. Na ce ni ban shiga aji ba, malaminsu ya shiga. Ya ce in maimaita kalmar bayansa. Sau biyu harshena ya ƙi. Hadassah tana bencin gaba, kanta a ƙasa, tana murɗa bakin siket. A na uku na faɗa, huɗu cif. Wani yaro ya yi dariya.

A gabana aka mayar da sunanta.

A hanya ta karɓi sandata, ta ba ni kafaɗarta. Wajen unguwar Television ta tambaye ni wanne za ta faɗa in alƙalai suka kawo kalmar. Na ce ta bi malaminta, wuri ɗaya ake ba makarantarsu a gasar, kuma a hannunsa yake.

Ka sa ta a addu'a ran Asabar. Kada ka kira ni kan wannan magana.

Naka har kullum,
Baba Samson